Ƙofar da siminti ya kusa kayarwa: nazarin gyaran wata tsohuwar ƙofar gari a kudancin Kano

Garin da ƙofarsa

Garin yana kudancin Kano, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota daga birni ba. Ba zan kama sunansa ba, domin waɗanda suka yi kuskure a wannan labari suna nan da ransu, kuma da kyakkyawar niyya suka yi shi. Tsohon gari ne mai ganuwa, irin waɗanda suka kewaye Kano tun zamanin sarakunan Haɓe. A birni, Sarki Gijimasu da ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134 shi ya fara ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. Manyan garuruwan ƙasar, su Rano da Gaya da Ƙaraye da Bebeji da Birnin Kudu, kowanne ya yi tasa daidai ƙarfinsa.

Ganuwa ba bango kaɗai ba ce. Ta ciki akwai badala, inda maharba suke tsayawa. Ta waje akwai gwalalo, ramin da aka haƙi ƙasar ginin daga cikinsa, wanda kuma shi ne yake kwashe ruwan gari idan damina ta kankama. Kowace shekara akan raba wa unguwanni gyara, kowa da yankinsa. Da Turawa suka ci Bebeji a kan hanya, suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ganuwa ta rasa aikin da aka yi ta dominsa, gyaran shekara ya fara mutuwa. Daga nan mutane suka mayar da ita mahaƙar ƙasar gini.

A garin da muke magana, ƙofofi huɗu ne a da. Ɗaya ta rage, ta gabas. Bango biyu ne masu kauri da hanya a tsakaninsu, faɗinta ya ishi amalanken shanu ya wuce, samanta an jera azara an daɓe da ƙasa. Akwai ɗan ɗaki a hannun dama inda sarkin ƙofa yake zama, da indararo biyu, da zankwaye huɗu a bisa rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye saman rufin, da wani tsohon zane a fuskar da take kallon waje. Babu mai hankalin da zai ce wannan yaɓen da ake gani shi ne na ɗaruruwan shekaru. Ginin ƙasa kullum sabunta fatarsa ake yi. Abin da ya tsufa shi ne wurin, da siffar, da tubalan da suke can ciki.

Gidan sarkin ƙofa su suke yi mata yaɓe kowace shekara, har tsohon ya rasu, 'ya'yansa suka koma birni. Bayan haka ta shafe fiye da shekara goma hannu bai taɓa ta ba. Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da jerin wuraren da doka ta kare, cikinsu akwai tsohon masallacin Bebeji da zanen duwatsun Birnin Kudu. Wannan ƙofa ba ta cikin jerin. Ta gari ce, wato kowa yana cewa tamu ce, babu wanda zai ce tawa ce.

Rani 2018 zuwa damina 2019: farkon tsagewa

A ranin 2018 aka yi wa hanyar kasuwa cikon burji. Tifa ba ta iya shiga ta ƙofa, saboda haka aka karkata hanyar ta wani giɓi da ke jikin ganuwa, taku kaɗan daga ƙofar ta arewa. Sabuwar hanyar ta haye kan gwalalo, an cike shi ba a sa kwalbati ba, kuma ta fi daɓen ƙofar tudu da kamar kamu ɗaya. Kowa ya ji daɗin hanyar.

A watan Agusta 2019 aka ga tsaga a bangon arewa, daga kusa da ƙasa har zuwa inda azara ta zauna. Yatsa yana shiga cikinta. Gindin bangon ya yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, idan ka shafa sai ƙasa ta biyo hannunka. Mutane suka ce tsufa ne.

A lokacin ne ƙungiyar ci gaban garin ta ɗauki maganar. Hujjarsu mai kyau ce. Makarantun yankin suna ɗibar ɗalibai zuwa birni su ga Gidan Makama da Dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata, alhali ga ƙofar ganuwa a bakin hanya, motarsu tana wuce ta. Idan aka gyara ta ta yi kyan gani, in ji su, malamai za su riƙa tsayawa, gari ya yi suna.

Janairu 2020: gyara na farko, siminti

Aka yi karo-karo. Wani ɗan garin da yake aiki a Abuja ya aiko da siminti. Aka kira birkila, mai aikin bulo, wanda ya ƙware a sana'arsa amma bai taɓa ɗora tubali ba. Ya cusa siminti cikin tsagar, ya kafa ragar waya a jikin bango da dogayen ƙusoshi, ya shafe ƙofar gaba ɗaya ciki da waje, tun daga ƙasa har rawani. Tsohon zanen ma aka bi ta kansa. Aka yi fenti ruwan ƙasa, aka rubuta sunan garin da manyan baƙaƙe. Indararo ɗaya aka toshe shi don kada ruwansa ya ɓata fentin, ɗayan aka cire aka sa siririn bututun roba. Aikin ya ɗauki mako uku.

Akwai wani tsohon magini a garin, ɗan gidan sarkin magina na da, wanda aikin soro ya ƙare masa tun da kowa ya koma bulo da kwano. Ya zo wucewa ana cikin shafe, ya tsaya ya duba, ya ce wa shugaban samarin, “Yaro, mai zazzaɓi kuka sa wa rigar leda.” Aka yi dariya, aka ce Baba yana kishi ne don ba a ba shi aikin ba.

Baƙin da ake jira ba su zo ba a shekarar, domin an rufe makarantu saboda korona, a Afrilu kuma aka kulle Kano.

Damina 2020 zuwa damina 2021: gyara na biyu, kwano

Daminar 2020 ta yi ruwa sosai, ƙofar kuwa daga waje tana nan tas. Da kaka aka fara ganin ƙananan tsaga kamar zare a jikin simintin. Yara suka gano cewa idan suka ƙwanƙwasa bangon arewa yana amsawa kamar ganga, suka mayar da abin wasa. Ɗakin sarkin ƙofa ya riƙa warin danshi har cikin hunturu, gara ta yi hanya a bakin azara uku.

Ƙungiya ta zauna ta yanke cewa rufin ne yake yoyo. A Afrilu 2021 aka ɗora kwano a kan soron. Don katako ya sami wurin zama sai da aka sare zanko biyu, aka kafe shi a jikin rawani. Iskar farkon damina, irin wadda take tasowa daga gabas kafin ruwa, ta yaye rabin kwanon a watan Yuni, ta tafi da wani yanki na rawanin. Aka mayar, aka danne da duwatsu da tsofaffin tayoyi. Kwanon ba shi da wani tsawon baki, don haka duk ruwan da ya tara a gindin bango yake sauke shi.

Agusta 2022: rushewa

Shekarar 2022 ce aka yi ambaliyar da ta ci garuruwa da gonaki a Jigawa da wasu jihohi da dama. Garin nan bai nutse ba, amma an kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A dare na biyu wani falalen siminti mai girman ƙyauren ɗaki ya ɓalle daga bangon arewa. Abin da ke bayansa ya zama taɓo. Kusan sulusin kaurin bangon ya zame, azara ukun nan da gara ta ci suka faɗo da ƙasar da ke kansu. Allah ya kiyaye da dare ne, babu kowa a ƙarƙashi. Da safe dagaci ya sa aka tare hanyar da ƙaya.

A taron da aka yi a ƙofar fada, mafi yawa suka ce a rushe ta, a yi ta bulo kamar yadda aka sake gina wasu ƙofofin birni da siminti lokacin faɗaɗa tituna. Maganarsu tana da nauyi, domin ta nan 'yan makarantar firamare suke bi safe da rana. Abin da ya tsayar da su kuɗi ne: da aka lissafa bulo da rodi, abin ya fi ƙarfin karo-karo. Wani mai unguwa ya ce, “Ranka ya daɗe, tunda ba mu da kuɗin rushewa da ginawa, a kira Baba magini a ji ta bakinsa.” Dagaci ya yarda bisa sharaɗi: idan damina mai zuwa ta tsaya ƙofar ba ta zama abin amincewa ba, za a kayar da ita ko da ba a gina wata ba.

Oktoba 2022: abin da magini ya gano

Ranar da ya zo bai fara da bango ba. Ya shiga gidajen da ke kusa ya tambayi mata inda ruwa yake kwanciya idan an yi sama, da tsawon kwanakin da yake yi kafin ya tsotse. Ya bi sawun yashi da ruwa ya bari daga tsakiyar gari har bakin ƙofa, ya fita waje ya tsaya a kan sabuwar hanya yana kallon gwalalo. Sannan ya ɗauko wani siririn ƙarfe yana soka shi a jikin bangon, daga sama zuwa ƙasa. A sama ƙarfen yana tsayawa. Daga gwiwa zuwa ƙasa yana nutsewa kamar a tuwo.

Bayaninsa ga dagaci gajere ne. Ruwan rabin gari ta wannan ƙofa yake fita ya faɗa gwalalo tun kaka da kakanni. Cikon hanya ya datse shi, ya koma yana kwana a gindin bangon arewa. Ƙasa tana shan ruwa tana hawa da shi sama, tare da gishirin da ke cikinta, da na fitsarin da mutane da awaki suke yi a lungun. Shi ne farin da aka gani tun 2019. Da ba a sa siminti ba, rana da iska za su riƙa busar da bangon tsakanin ruwa da ruwa, ciwon ya tafi a hankali. Siminti ya hana danshin fita. Kuma ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, siminti ba ya bin ta, sai ya tsage ya saki jikin bango, ruwa ya sami hanyar shiga ta baya ya rasa ta fita. A sama kuma indararo ɗaya a toshe, ɗaya ya cika da leda da sheƙar tsuntsu, ruwa yana kwanciya a kan soro ya jiƙa bakin azara. Gara ba ta cika damuwa da busasshiyar azara ba, amma inda danshi ya daɗe ta samu shiga.

Ya kuma nuna wata 'yar ceɗiya da ta tsiro a ƙarƙashin kwanon, saiwarta ta yi kusan kamu biyu cikin rawani. Babu wanda ya taɓa ganinta.

Nuwamba 2022 zuwa Mayu 2023: gyara na uku

Aka fara da tokare rufin da itatuwa, aka sauke kwanon. Sannan aka shiga ɓamɓare siminti da hannu, da ƙaramar guduma, ya hana a kawo babba. Wannan ya ci mako biyar, ya fi lokacin da aka ɗauka wurin sa shi. Inda ragar waya ta kama, tana fitowa da naman bango. Tsohon zanen fuskar ƙofa ya biyo simintin ya ruguje.

Daga nan ya ce a bar ta ta sha iskar hunturu wata biyu. Samari suka yi ta ƙorafi cewa ƙofar ta fi da muni kuma aiki ya tsaya. Shi kuwa ya juya su zuwa ga ruwa. Aka yanka sabuwar hanya aka binne kwalbati, aka haƙa lambatu daga bakin ƙofa zuwa gare shi, aka yashe gwalalo daga shara tsawon taku ɗari ko fiye. Duk simintin da aka saya a wannan gyara a nan ya ƙare, a ƙarƙashin hanya.

Kan ƙasar tubali an ɗan yi sa-in-sa. Wasu suka ce a ɗiba daga ragowar ganuwa tunda tana kusa kuma an san ƙasarta da kyau. Dagaci ya hana, ya ce ba za a yanki hannu a ɗinke ƙafa ba. Aka tattara ƙasar da ta zube daga ƙofar kanta, aka haɗa da wadda aka haƙo daga gindin gwalalo bayan an kwashe shara. Aka jiƙa, aka zuba ciyawar datsi da kashin doki da na jaki, aka tattake da ƙafa, aka bar ta kwanaki ta ruɓa, aka sake jiƙawa aka sake takawa. Sannan aka mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, aka shanya mako biyu. Wurin ɗorawa gindi ƙasa, kai sama, ana jefa ɗanyar ƙasa a tsakani. Layi kaɗan ake yi a yini a tsaya ya sha iska. Wani saurayi ya so a ƙara sauri, magini ya ce masa, “Ɗana, in ka ɗora wa ɗanye kaya, kai za ka zo ka kwashe shi.”

Azara ta ba da wahala. Ta namijin giginya ake so, wanda ya tsufa, kuma giginyar yankin ta yi ƙaranci. A ƙarshe aka ji ana rushe wani tsohon soro a wani ƙauye don a yi na bulo, aka je aka sayi azararsa guda biyar. Uku aka sa, biyu aka ajiye.

Ana cikin haka ƙarancin takardun kuɗi na Fabrairu 2023 ya shigo bayan canjin naira. Babu tsabar da za a biya lebura. Abin mamaki, wannan bai tsayar da aikin ba. Aka koma gayya, unguwa-unguwa, mata suna dama kunu da fura, magini da yaransa biyu aka biya su da dawa da gero.

Yaɓen farko bai yi ba. Makuba ake yi da ɓawon ɗorawa, an samo shi daga masu daddawa, an daka an jiƙa har ruwan ya yi duhu, an kwaɓa ƙasa da shi. Amma lokacin ya faɗa cikin azumi, magini ba ya jin daɗin jikinsa, samari suka yi yaɓen su kaɗai, mai kauri, shafa ɗaya, da tsakar rana don su gama su huta. Cikin kwana uku ya tsattsage kamar busasshen kududdufi. Bayan Sallah aka kankare shi aka sake, siriri, shafa biyu, da sassafe da kuma bayan la'asar.

Rufin ya so a yi masa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin da majema suke kankarewa da ruwan dafara, wani tsiro mai yauƙi. Marinar garin ta mutu tuntuni. Katsin da aka samo daga birni bai wuce na kewayen bakin indararo ba, sauran rufin da makuba aka yi shi. Mai ginin tukwane ta yi dogayen indararo biyu na yumɓu masu jefa ruwa nesa, aka jera duwatsu inda yake sauka. Aka mayar da zankwaye biyun da aka sare, aka yi ɗan dakali a gindin bango, aka toshe lungun fitsari da ƙaya. An gama a tsakiyar Mayu.

Damina 2023 da 2024: sakamako

Magini ya shafa ɗan siririn yaɓe a kan layin tsohuwar tsaga a wurare uku, ya ce a riƙa dubawa, in bango yana motsi nan zai fara nunawa. Damina biyu ta wuce ba su buɗe ba. Ruwan da yake kwana uku a bakin ƙofa yanzu kafin la'asar ya wuce. An buɗe hanya ga masu ƙafa da babura da amalanke.

Fuskar gabas kuwa, wadda ruwa yake duka kai tsaye, makubarta ta wanke a daminar farko. Wasu suka ce ga shi nan, aikin banza. Magini ya ce dama don ta wanke aka sa ta, ita take ci maimakon tubali. Saboda haka dagaci ya naɗa jikan tsohon sarkin ƙofa, wanda ya dawo gari yana noma, ya gaji kakansa. Aikinsa share indararo kafin ruwan farko da bayan kowace babbar iska, da cire duk abin da ya tsiro a kan soro. Yaɓe kuma an yanka masa lokaci, idan ɗorawa ta nuna kafin ruwa ya sauka, unguwannin garin suna karɓa bi da bi.

Baƙi sun zo, amma ba kamar yadda aka yi mafarki ba. Makarantu ƙalilan ne daga garuruwan kusa. Ana nuna musu ƙofar, a hau da su ragowar badala su leƙa gwalalo, a kai su ramukan tsohuwar marina da tsohuwar rijiyar gari. Babu kuɗin shiga. Tambayar da ɗalibai suka fi yi ita ce me ya sa ba a yi mata fenti ba.

Hukunci

Gyara biyun farko sun faɗi don sun bi abin da ido ya gani. An ga tsaga aka rufe tsaga, an ji danshi aka rufe sama, alhali ciwon daga ƙasa ya taso, daga hanyar da aka cike shekara guda kafin tsagar ta bayyana. A ganina kwalbatin nan shi ne rabin maganin. Da an sa shi a 2018, da ƙila yaɓe kawai ƙofar take buƙata. Siminti bai haddasa ciwon ba, amma ya ɓoye shi damina uku ya kuma hanzarta shi, kuma son a burge baƙi ne ya kawo shi. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Ba na ganin laifin birkila, abin da aka kira shi ya yi, shi ya yi. Kuskuren ƙungiya shi ne ta tambayi mai kuɗi da mai siminti, ba ta tambayi mutum ɗayan da ya san ƙasa ba, kuma yana zaune taku kaɗan daga ƙofar. Sai dai kada a manta su ne kuma suka taka ƙasa suka mulmula tubali wata shida ba ko sisi.

Akwai abin da bai dawo ba. Zanen fuskar ƙofa ya tafi, hotunan da aka samu a wayoyin mutane duk daga nesa aka ɗauke su. An roƙi magini ya yi wani, ya ƙi, ya ce ba zai zana abin da bai tabbata shi ne ba a ce wa yara na kakanninsu ne. Fuskar tana nan a shafe. Ganuwar da ke kudu da ƙofar kuma, yayin da hankalin kowa yake kan gyara, an ci gaba da ɗibarta da dare, yanzu akwai shaguna biyu a wurin.

Magini ya daina hawa tsani. A cikin yaransa biyu ɗaya ya tafi Kaduna aikin bulo, inda ake biya kullum. Ɗayan shi ya jagoranci yaɓen bara, Baba yana zaune a kan dakali yana nuna masa da sanda. Azara biyun da suka rage suna jingine a zauren dagaci, an ɗaga su a kan duwatsu saboda gara.